Katin Asibiti da Albasar Malam

Ina da shekara arba'in da shida na zaci ciki ne da ni.

Abin bai zo a lokacin da ya dace ba, domin a watannin ne aka kawo kuɗin gaisuwar babbar 'yata, har an fara maganar sa rana. Wata ya wuce ban ga al'ada ba, na ce gajiya ce. Wani ya bi bayansa, shiru. Ga kasala, ga wani ɗan tashin zuciya da safe. Ni da na haifi shida na yaye, autana har ya shiga sakandare, ai na san alamun. Sai na riƙa hango kaina ranar kamu, uwar amarya da turtsetsen ciki a gaba, 'yan uwana malamai suna ƙunshe dariya cikin mayafi.

Ni malamar firamare ce a Gwarzo. Mijina, wanda nake kira Malam, manomi ne. Da damina yana gonarsu ta gado a Unguwar Tudu, da rani kuma yana lambu a bakin ruwa can wajen Kabo, albasa da tumatir da ɗan tattasai. Mahaifiyarsa, Inna, tana tare da mu tun rasuwar mahaifinsa, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Mun zauna lafiya ni da ita, amma zama ne na kunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "'yar nan," ni kuma ban taɓa cin abinci a gabanta ba.

Ranar da na gaya wa Malam, yana tsugune a tsakar gida yana ɗaure mesar injin ban-ruwa da roba. Na tsaya a kansa na daɗe, sannan na ce, "Malam, ina jin fa an samu matsala."

"Ta me?"

Na faɗa masa ina kallon bango. Ya saki mesar, ya ɗago, sai na ga haƙoransa duka a waje.

"Wannan ce matsalar? Malama, wannan ai kyauta ce."

"Kyauta da jika a hanya?"

"To sai su tashi tare, su riƙa wasa."

Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ya yi alkawari, ya hau babur ya fita, ya dawo da tsire a takarda da lemon zaƙi cike da leda, yana ta raha shi kaɗai. Ko bai buɗe baki ba, duk mai ido ya san akwai labari. Da yamma na zo wucewa da buta, Inna ta bi ni da kallo tun daga ƙofar madafa har bayan gida. Da na dawo sai ta ce, kamar da kajinta take magana, "Wannan ba fuskar mai ciki ba ce."

Gwajin asibiti ya ba ta gaskiya. Babu komai. Malam ya ɗauko ni a babur muka dawo gida, rahar nan tasa duk ta gushe. Ni kuwa na yi hamdala a fili, amma da na shiga ɗaki na zauna a bakin gado sai na ji hawaye na zuba, ban san na mene ne ba. Ba cikin nake so ba. Kawai dai ji na yi kamar an rufe wata ƙofa a bayana ba a yi mini sallama ba.

Bayan nan ne jinin ya dawo, kuma ya dawo da fushi. Ya zo ya ƙi tafiya, in ya ɗauke na yi wanka na fara sallah, sai ya sake ɓallewa. Lissafin da na riƙe tun ina budurwa ya rikice mini gaba ɗaya, sai da na je wurin malamarmu ta Islamiyya ta warware mini wanne ne na al'ada, wanne ne na ciwo. Na koma zuwa makaranta da zani biyu a jaka. In zan tashi daga kujera sai na faki idon yara.

Sai kuma zafin. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Kana zaune lafiya, sai ka ji kamar an buɗe murhu a ƙirjinka, wutar ta hau wuya ta mamaye fuska, zufa ta karyo har cikin ɗankwali. Na tuna wata safiya ta tsananin sanyi, yara sun dunƙule cikin rigunan sanyi, wasu har leɓensu na rawa, ni kuwa ina gaban allo ina ɗiga. Na ce a buɗe tagogi. Suka kalle ni kamar na ce a kawo ƙanƙara. Wata 'yar ƙarama a layin gaba ta ce, "Malama, mun yi laifi ne?"

Barci ya ƙaurace mini, mantuwa ta samu wurin zama. Sai in zuba gishiri sau biyu a miya, ko in shiga ɗaki in tsaya in rasa abin da ya kawo ni. Abin da ya fi damuna shi ne faɗa. Ni da aka sani da sanyin hali, na wayi gari ƙarar cokali a kwano tana iya tayar mini da rai. Wata rana na wanke Malam tas a kan ya bar takalminsa mai taɓo a bakin ƙofa, abin da ya shekara ashirin da wani abu yana yi ban taɓa magana ba. Ya tsaya yana kallona, ya sunkuya ya ɗauke takalmin, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Malama." Da ma ya rama, da ya fi mini sauƙi.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Mai kemis na bakin kasuwa ya ce taifot ne da maleriya, na sha allurai har zagaye biyu. Wata maƙwabciya ta ce ciwon shawara ne, ta aiko da saiwoyi. Yayar Malam ta zo daga Madadi ta ce a nemi tsari, don irin wannan sauyin hali ba banza ba. Malam ya karɓo rubutu, na sha da bismillah, aka yi mini hayaƙi har idona ya yi ja. Ban raina ko ɗaya ba, kowa don ƙauna ya yi. Amma kuɗi na ta zurarewa kaɗan-kaɗan, ni kuma ina nan yadda nake.

Wata Asabar da hantsi, gida ba kowa, Inna na zaune a inuwar ɗakinta tana tsinke zogale a faifai. Zafin ya taso mini ina tsakiyar wanki, na cire ɗankwali na kamfaci ruwa na sheƙa a kai, na manta tana wurin.

"'Yar nan," in ji ta, "zo ki taya ni."

Na mayar da ɗankwalin a jiƙe, na je na zauna a gefen tabarma, nesa kaɗan. Muka yi ta tsinka. Can ta ce, idonta na kan ganyen, "Daga nan yake tasowa, ko?" Ta dafa ƙirjinta.

Na ce, "Eh, Inna."

"Ya hau kai. Sannan in ya sake ki, ki ji sanyi kamar an tsamo ki daga rijiya."

Na ɗago na kalle ta, abin da ban cika yi ba.

"Ni ma na yi," ta ce. "Jini ne ke sallama. Wata yakan tafi salin-alin, wata kuwa sai ya ja ta a ƙasa. Ni ya ja ni. A Unguwar Tudu, in ya taso mini, bayan rumbu nake zagayawa da tulu in juye a jikina, da zanina da komai. Marigayi ya zaci taɓuwa na yi. Har ɗan akuya ya yanka." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin zani. "Akwai ranar da na jefe shi da marar kwasar tuwo."

"Ke, Inna?"

"Ni ɗin nan. Kuma na same shi."

Na yi dariya har na ƙware. Rabon da in yi irinta na manta. Na tambaye ta me ta sha ya wuce.

"Haƙuri," ta ce. "Shi kaɗai ake sayarwa a lokacin, kuma ba wanda za ka gaya wa. Amma ke ba kullum nake jin kina cewa ana yankar albashinki saboda asibiti ba? To je ki sha abin da kika biya. Ki bar mai kemis ɗin nan haka."

Katin da take nufi na inshorar lafiya ne na ma'aikata. Duk wata ana cire wani abu daga albashina tun kafin ya iso hannuna, ni da Malam da ƙananan yaran muna cikinsa. Ba zan ci amanar katin nan ba, ya yi mana rana. Da shi aka yi wa Malam aikin ƙaba, ɗan abin da muka cika bai taka kara ya karya ba. Zazzaɓin yara kuwa ba adadi. Ina ajiye shi cikin jakar da nake sa takardun haihuwarsu, ina ji da shi kamar wani ɗan uwa mai hali. Abin da ya hana ni kai masa wannan ciwon tun farko, ban ɗauke shi ciwon asibiti ba, kuma ban san da wane baki zan faɗa ba.

Likitan da na samu a asibitinmu saurayi ne, bai fi sa'an babban ɗana ba. Na yi ta kewaye-kewaye, shi kuma ya yi haƙuri da ni har na iso. Ya sa aka auna jinina, ya ce ya yi ƙasa sosai, ya rubuta maganin ƙarin jini, katin ya ɗauka. Ya ce sauran kuma sai likitar mata a birni, amma sai an turo lambar izini daga ofishin inshora kafin su karɓe ni a can. Lambar nan ta sa na san duk wani benci na asibitin. Yau a ce ba sabis, gobe a ce mai turawa ya tafi taro. Da ta fito, Malam ya bar lambu a hannun ƙaninsa, muka hau mota zuwa Kano. Kuɗin motar dai kati bai san da shi ba.

Likitar birni mace ce, da furfura a gaban goshi tana leƙowa ta ƙasan ɗankwali. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta duba hawan jini, ta duba ƙirji, ta tura ni hoton mahaifa. Da sakamako ya zo ta ce ba ƙari, ba wani abin tsoro. Ta yi mini bayani a hankali, cewa akwai sinadaran da jikin mace ke yi tun balaga, to su ne suka fara ja da baya, kuma ba sa tafiya a tsare, yau su yi yawa gobe su yi kaɗan. Yakan ɗauki shekaru kafin al'ada ta tsaya gaba ɗaya.

"Ba ki haukace ba, Malama," ta ce. "Kuma ba halinki ne ya lalace ba."

Na sunkuyar da kai, don maganar ta taɓa inda ke ciwo.

Ta ce abu biyu za a yi. Na zubar jini, akwai wata 'yar roba da ake sakawa a mahaifa, kuma in na je ɗakin tazarar haihuwa na asibitinmu za a saka mini ba da ko sisi ba. Na zafi da rashin barci kuma, ta rubuta wani magani da ake shafawa a fata kullum, mai mayar wa jiki kaɗan daga abin da ya rasa. Ta ce ba kowace mace ake ba ba, amma ni ta duba, ba abin da zai hana.

Na fito da takardata ina jin kamar an sauke mini dutse. Na miƙa ta a tagar ba da magani tare da katina. Mutumin ya duba, ya danna na'ura, ya sake dubawa.

"Hajiya, wannan ba ya cikin waɗanda inshora ke biya."

"Likitarku ce fa ta rubuta."

"Na gani. Amma ba ya ciki. Mu ma ba ma ajiye shi, sai dai ki duba manyan kantunan waje."

"To me ya sa ba ya ciki?"

Ya ɗan sosa ƙeya. Ba mugun mutum ba ne, na ga alamar ya ji nauyi. Ya ce, "Wallahi ba mu muke tsarawa ba. Ina jin dai ba a ɗauke shi a matsayin ciwo ba ne. Kin san abu ne na shekaru."

Na ce, "Hawan jini ma ai na shekaru ne." Ya yi murmushi, ya ce haka ne, ya miƙo mini katina da hannu biyu.

Sai a kanti na uku muka same shi. Yarinyar da ke kanta ta ɗauko ɗan kwali, bai kai tafin hannuna ba, ta faɗi kuɗin. Na zaci na wata shida ne, ta ce na wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. Abin da ta faɗa ya kusa cefanen gidanmu na mako biyu. Malam ya sa hannu a aljihu, na riƙe masa hannun riga a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na ce wa yarinyar mun gode, za mu dawo.

A mota na ce masa, "Ga biki a gabanmu, ko gado ba mu saya ba. Ga kuɗin makaranta. Inna ta yi nata da ruwan tulu, ni ma zan yi."

Ya karɓi takardar likitar ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Robar dai na je aka saka. Ban taɓa shiga ɗakin tazarar haihuwa ba sai ranar, na je da babban mayafi na zauna a ƙarshen benci cikin 'yan mata masu goyo. Ina addu'ar kada in ga idon sani, sai na ji an ce, "Laa, Malama! Ina kwana?" Ɗalibata ce, wadda na koya wa haɗa baƙi, ga jariri a cinya. Kafin in amsa, wasu biyu sun juyo, su ma nawa ne. Suka durƙusa suka gaishe ni, suka koma suka zauna, kowacce ta ƙura wa ƙasa ido tana danne dariya. Na ga in na yi shiru, kafin azahar labari ya zaga Gwarzo. Sai na gyara zama na ce, "To ku matso, yau ma darasi za a yi." Na gaya musu abin da ya kawo ni, da abin da ke jiran kowaccensu in Allah ya ba ta tsawon rai. Dariyar ta tsaya. Ɗaya ta ce, "Wallahi haka Ummanmu take yi, mu muna cewa ta cika faɗa." Har ma'aikaciyar ta leƙo ta tsaya tana ji.

Cikin 'yan watanni jinin ya lafa, na daina ɗaukar zani biyu. Zafin kuwa yana nan, har ya fi da. Inna ta sa aka kawo sabuwar randa aka ajiye a ƙofar ɗakina, kullum da safe ita ke cika ta da kanta, ta hana kowa sha. Ta saƙa mini mafici mai faɗi wanda ke shiga jakar makaranta. In ta ga fuskata ta fara sheƙi, sai ta kori yara daga tsakar gida ta ce suna tare iska.

Wata Juma'a Malam ya ce in shirya in raka shi lambu. Na yi mamaki, don rabona da wurin tun yaran suna ƙanana. Muka bi hanyar Kabo a kan babur, muka sauka daga titi muka gangara bakin ruwa. Albasa ta yi kore shar, injin maƙwabcinsa na ta bugawa. Ya wuce da ni har ƙarshen lambun, inda ya kafa kara ya ɗaura tsumma ja a kai.

"Daga nan zuwa bakin kwatar can," ya ce, yana nuna fangalin da suka fi kusa da ruwa, "ba nawa ba ne. Na maganinki ne. Ba na biki ba, ba na taki ba, ba na kowa ba."

"Malam, bikin fa?"

"Za a yi biki. Yarinya za ta tare da abin da Allah ya hore. Na yi magana da ita, ta ce ita kujeru ma ba ta damu da su ba, a bar su sai daga baya." Ya tsuguna ya cire wata ciyawa. "Ni fa Malama ba faɗan ne ya dame ni ba. Ki yi ta yi, na iya ɗauke takalmi. Amma jiya ina kallonki kina dama kunu, idonki a rufe, kina tangaɗi. Mutum ba ya rayuwa ba barci."

Na ce albasar ai da saura kafin ta nuna. Ya ce ya sani, shi ya sa ya sayar da tumatirin farko. Ya zura hannu a aljihun babbar riga ya fito da ɗan kwalin nan. Ashe ranar da ya ce zai kai kaya kasuwar birni, har kantin ya je.

Daga baya ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya tarar da kantin cike da mata, ya kasa matsawa, ya yi ta karanta kwalayen man goge baki har aka ragu. Da ya miƙa takardar, wani dattijo mai kantin ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, na amarya ne?" Malam ya ce, "Na uwargida ne. Ita ce kuma amaryar." Wai har mai kantin ya rage masa wani abu.

Mako na biyu da fara shafawa na yi barci tun daga isha har kiran assalatu. Na farka na rasa inda nake. Na fito na tarar da Inna tana alwala, ta dube ni ta ce, "Yau kam an ga fuskar mutane." Zafin bai ɗauke duka ba, amma ya koma baƙo mai leƙowa jefi-jefi. Aka yi biki na tsaya a kan ƙafata, na karɓi baƙi, ban yi wa kowa tsawa ba sai masu kiɗan da suka wuce lokaci, su kuma sun cancanta.

Ba zan ce daga nan komai ya tafi daidai ba. Kuɗin maganin bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, duk zuwan Malam birni sai ya tarar ya ƙaru. Akwai lokacin da ya ɓace daga kantuna gaba ɗaya, aka ce ba a shigo da shi ba, na koma gidan jiya na wata biyu. Akwai kuma shekarar da albasa ta yi kwantai, buhu ya faɗi warwas, abin da fangalina suka kawo bai kai ko'ina ba. Sai na fara dabara, in shafa yau in tsallake gobe. Da na koma wurin likitar na gaya mata, ba ta yi faɗa ba. Ta ce da yawa haka suke yi, wasu ma daga tagar magani ba ta sake ganinsu. Ta canza mini zuwa ƙwaya mai sauƙin kuɗi, wadda ita ma kati bai sani ba, amma aljihu na iya ɗauka.

Wata rana aka tara mu malamai a babban ɗakin taro, jami'an inshora sun zo wayar da kai. Suka yi bayani mai kyau a kan haihuwa da tiyata da ciwon suga. Da aka ce akwai mai tambaya, na ji hannuna ya tashi kafin in yi shawara da shi. Na miƙe, ga shugabannin makarantu maza a jere a gaba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, katin nan ya san mace tana da ciki, ya san ta tana haihuwa, ya san ta tana shayarwa, kuma mun gode. To in ta gama duk wannan, jini ya zo ɗaukewa, jikinta ya rikice, me ya sa yake mantawa da ita? Kuma a lokacin ne aka fi yankar albashinta, don ta yi girma a aiki."

Wani hedimasta ya shiga gyaran hula. Jami'in ya yi gyaran murya, ya ce gaskiya ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba, kuma zai kai ta gaba. Ya rubuta wani abu. Har yau da nake wannan rubutu maganin bai shiga ba, ban kuma san inda tambayata ta kwana ba. Amma da aka tashi, kafin in kai bakin ƙofa mata sun kewaye ni. Waɗanda muka shekara muna gaisawa a ofis, ashe kowacce na fama a ɓoye. Wata ta ce ita har takardar ajiye aiki ta fara tunani. Yanzu in ɗayanmu za ta birni sai ta yi cigiya, ta sayo wa kowa, a huta da kuɗin mota.

Da na dawo na ba Inna labari, ta riƙe haɓa. "A gaban maza kika faɗa?"

"A gabansu, Inna."

Ta jima tana jinjina kai. Sannan ta tura mini kwanon ɗanwaken da ke gabanta ta ce, "Sa hannu." Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Wadda ta yi magana a gaban hedimastoci, ni za ta ji wa kunya?" Ranar na fara cin abinci tare da ita, kwano ɗaya, ina ci ina kallon gefe.

Akwai wata mai daddawa da ke zuwa daga ƙauyen Jama'a ranar kasuwa, na daɗe ina saye a wurinta. Kwanakin baya na tsaya a gabanta, sai na ga ta ajiye ciniki ta ɗauki murfin kwano tana fifita wuya, zufa na bin haɓarta, alhali gari da sanyi-sanyi. Na tsuguna kamar ina zaɓar daddawa, na ce a hankali, "Daga ƙirji yake tasowa, ko?"

Ta zaro ido. "Wa ya gaya miki?"

Muka daɗe muna magana. Mijinta ya rasu, ba ta da kati, ba ta da lambu. Jinin ya fi damunta, har jiri take gani in ta ɗauki kaya. Na gaya mata gaskiya, cewa maganin zafin da tsada, amma na jinin kyauta ne a ɗakin tazarar haihuwa, kuma jinin ne mai kayar da mutum. Ta ce ita ba za ta iya shiga ɗakin nan ba, da girmanta, ba miji, me za a ce? Na ce ta zo ranar da ba ni da darasin safe, mu shiga tare, duk mai tambaya a ce ni ta rako.

Ta zo, da tallarta a ka, don ta ce ba za ta yi asarar yini ba. Muka zauna a benci, ƙwaryar daddawa a tsakaninmu, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshi. Kafin a kira ta, masu goyo sun saye rabi.